Yadda za ka auna ƙarfin jan ƙasa da zare da noti, sannan ka san zurfin rijiya da tsakuwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kwana biyun nan ƴan lise suna ta turo min tambaya iri ɗaya, har da wasu malamai ma, wai wannan g ɗin, wato ƙarfin jan ƙasa, da mushe ke rubutawa a allo, wani lokaci 9.81 wani lokaci 10, shin akwai yadda mutum zai auna shi da hannunsa ba tare da labo ba? Wasu kuma tasu tambayar ta rijiya ce, sun ji ana cewa in ka saki tsakuwa ka riƙe lokaci za ka san zurfinta. E ana yi, duka biyun, kuma kayan aikin yawanci suna nan cikin gida. Sai dai abin yana da tsari. In ka ruga rijiya kai tsaye da kirono a hannu lissafin banza za ka dawo da shi, don dutse ya fi yatsanka sauri, kuma duk wahalar aikin nan a wurin take. Don haka za mu bi a hankali, lilo tukuna, rijiya daga baya.

Mataki na 1: Haɗa kaya

Zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, kamar mita biyu da rabi. Zaren da masu gyaran takalmi ke ɗinki da shi ya fi, siriri ne kuma ba ya jawuwa. Kar ka ɗauko igiyar shanya ko wani zare mai roba-roba.

Noti na ƙarfe babba, irin na tayar mota. Je garejin unguwarku ka gaishe da mai gida ka roƙa, tsofaffi suna nan zube a ƙasa, da wuya ya karɓi kuɗinka.

Mita ta awo. Ta kafinta ko ta magina mai naɗewa ta fi kyau, ta tela ma tana yi amma yawancinsu santimita 150 suke tsayawa kuma in ta tsufa tana ɗan miƙewa.

Sai ƙusa ɗaya, regil na santimita 30, alli, kaye da bik, da waya mai kirono da kalkuleta. Abin da za ka saya a zahiri zare ne kawai da ƙusa, ban ga abin da zai kai ka dala ɗari ba ko a babbar kasuwa ka saya.

Ka nemi mutum na biyu. Ana iya yi shi kaɗai amma da wahala, mai saki daban mai riƙe lokaci daban ya fi.

Mataki na 2: Fara auna jinkirin hannunka

Mutane na tsallake wannan kuma shi ne zai sa ka yarda da sauran maganar. Abokinka ya riƙe regil a tsaye ta sama, sifili yana ƙasa, kai kuma ka buɗe babban yatsa da manuni daidai kan sifilin ba tare da ka taɓa ba. Ya saki ba tare da ya faɗa maka ba, ka cafke. Dubi inda ka kama. In a santimita 20 ka kama, hannunka ya yi jinkirin sakan 0.2 kenan, in a 11 ne kusan 0.15, in kuma regil ɗin ya wuce ya faɗi ƙasa gaba ɗaya to ka haura 0.25, ka je ka sha shayi ka dawo.

Yanzu ka haɗa da wannan: abin da aka saki daga mita 2 sakan 0.64 kawai yake yi ya taɓa ƙasa. Mutumin da hannunsa ke latti da 0.2 yana son auna 0.64, ai ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na awon kuskure ne tun kafin a fara, kuma lissafin yana ninka lokacin da kansa, kuskuren ma sai ya ƙara girma. Shi ya sa ɗalibi zai hau kan teburi ya saki dutse ya danna kirono ya fito da g 6 ko 15 ya ce littafi ƙarya yake. Littafi bai yi ƙarya ba.

Mataki na 3: Rataya lilon

Dabarar ita ce maimakon abu ya faɗi sau ɗaya cikin ƙiftawar ido, a sa shi ya yi ta kai da komo mu ƙirga da yawa, sai jinkirin hannu ya narke a ciki. Wannan shi ne pandil da kuke yi a aji.

Kafa ƙusa a katakon saman ƙofa ko a azara, wurin da noti zai yi lilo bai taɓa bango ba. Ɗaura zaren a ƙusar ɗauri mai kyau wanda ba ya zamewa kuma ba ya yawo a jikin ƙusar. Ɗaya bakin ka ɗaura notin. Bar shi ya rataya na ɗan lokaci, zai yi ta juyawa a kan kansa yana warware murɗin zaren, kar ka auna komai sai ya natsu don tsawon yana ɗan ƙaruwa in murɗin ya sake.

Gargaɗi a nan: cikin ɗaki za ka yi, a kashe fanka, a rufe taga. Lokacin hunturu iskar da ke kaɗawa a Maradi ba ta barin komai ya tsaya, wanda ya rataya lilonsa a reshen dalbejiya a tsakar gida ya ɓata lokacinsa, ga iska ga reshen kansa yana motsi.

Mataki na 4: Auna tsawon, nan ake yawan faɗuwa

Tsawon da ake so daga inda zaren ya fara motsi a jikin ƙusa ne zuwa TSAKIYAR notin. Ba saman noti ba, ba ƙasansa ba, tsakiya. Kuma a rataye za ka auna da nauyin a jiki, ba ka kwantar da zaren a tabarma ka auna sannan ka ɗaura ba, ɗauri yana cin zare.

Ka daidaita ya zama mita 1 cif, ko in saman yana da tsayi ka yi mita 2, ya fi. Dalili, in ka yi kuskuren santimita ɗaya a cikin mita ɗaya g ɗinka zai kauce da kusan 0.1, wato maimakon 9.8 ka samu 9.7 ko 9.9, amma a mita 2 kuskuren rabin haka ne. Santimita ɗaya kuwa ba komai ba ne, kaurin notin kansa ya fi haka, shi ya sa nake ta nanata maganar tsakiya. Mutum biyu su auna kowa daban ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba, in kun saba ku sake.

Rubuta tsawon da MITA a kaye. In 98 ka gani a mitar rubuta 0.98.

Mataki na 5: Saki da ƙirga

Da lilon yana tsaye cik, ja layi da alli a ƙasa ko a bango daidai bayan zaren. Wannan layin shi ne wurin ƙirga.

Ja notin gefe kaɗan. Kaɗan fa. In zaren mita 1 ne kar ka wuce santimita 15, wato bai kai taƙi guda ba, in mita 2 ne santimita 30. Na san yara suna son su ja shi can nesa ya yi lilo mai kyau kamar na sallah, to lissafin da za mu yi na ƙaramin lilo ne kawai. In ka buɗe shi zuwa digiri 30 lokacin yana ƙaruwa kuma g zai sauko wajen 9.45, in ka kai digiri 45 zai sauko kusan 9. Sakin ma buɗe yatsu kawai za ka yi, ba turawa ba. Ka duba da kyau yana tafiya gaba da baya a layi ɗaya, in ya fara zagaye kamar yana zana ƙwai tsayar da shi ka sake.

Kar ka danna kirono lokacin saki. Bar shi ya yi kai da komo biyu ko uku ya zauna. Sannan lokacin da zaren ya gitta layin allin yana tafiya dama, danna, ka ce SIFILI. Ba ɗaya ba, sifili. In ya je dama ya dawo ya wuce hagu ya sake gitta layin yana tafiya dama, wannan ne ɗaya. Haka har 20, a kan 20 ka tsayar.

Mi ya sa a tsakiya ba a gefe ba? Don a gefe notin yana ɗan tsayawa kafin ya juyo, ido ba ya gane takamaiman lokacin, amma a tsakiya da gudu yake wucewa kuma kana ganinsa yana tahowa, yatsanka ya shirya.

Maganar sifilin nan kar ka raina ta. Wanda ya fara da ɗaya 19 ya ƙirga yana zaton 20 ne, kuma g ɗinsa zai fito wajen 10.8. Duk lokacin da ɗalibi ya kawo min 10.8 ba na ma tambayarsa komai, na san abin da ya faru.

Yi awon sau uku aƙalla, rubuta kowanne ko da bai yi maka daɗi ba.

Mataki na 6: Lissafi

Haɗa lokutan uku ka raba uku, abin da ya fito ka raba 20, ka samu lokacin kai da komo ɗaya, shi ne T. Sai:

g = 39.48 × L ÷ (T × T)

L shi ne tsawon zaren da mita. 39.48 ɗin nan 4 ne sau pi sau pi, ba daga sama ya faɗo ba. A kaye na aji waƙafi kuke sawa 39,48 amma kalkuletar waya da yawa ɗigo take so, ka lura.

Misali da zaren mita 1, a ce ka samu 40.1 da 40.3 da 40.2. Tsakaicinsu 40.2, raba 20 ya ba da 2.01. Sau kansa 4.04. Raba 39.48 da 4.04 ka samu 9.77. Wannan aiki ya yi kyau sosai. Da zaren mita 2 ka sa ran ganin wajen sakan 56.8 a kai da komo 20.

Ka ga inda dabarar take, jinkirin hannu na 0.2 yana nan bai tafi ko'ina ba, amma yanzu cikin sakan 40 yake ba cikin 0.64 ba.

In ka samu tsakanin 9.6 da 10 ka yi daidai, kar ka goge ka rubuta 9.81 don ka burge mushe, malamin da ya san aikinsa ya fi zargin wanda ya kawo 9.81 cif. Kuma ma a nan ba 9.81 ba ne. Wannan adadin na wajen Faransa ne, Paris da makamantansu. Mu Maradi muna wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, g ɗinmu kusan 9.78 ne, don duniya ta fi kumbura ta tsakiya kuma juyawarta tana ɗan rage jan a wurin, a can ƙarshen duniya wajen ƙanƙara kuwa yana kai 9.83. Zare da noti da wuya su raba maka 9.78 da 9.81, amma dai ka sani. A jarrabawa kuma abin da takarda ta ba ka shi za ka yi aiki da shi, in ta ce 10 to 10.

In abin ya fito wani iri duba nan. Kusan 39 ya ba ka: rabin lilo ka ƙirga a matsayin ɗaya. Kusan 978: santimita ka sa a wurin mita. Kusan 19.6 da zaren mita 1: ka manta ninka T da kansa. Ƙasa da 9.5: ko lilon ya buɗe da yawa ko a saman noti ka tsayar da awo.

Ƴan tarminal su ƙara da wannan, a canza tsawo a yi 0.5 da 1 da 1.5 da 2, T zai fito kusan 1.42 da 2.01 da 2.46 da 2.84. A zana T sau T a kan L, layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa wajen 4.04, a raba 39.48 da shi. Wannan hanyar ta fi kyau don ko da duk awon tsawonka ya kauce da santimita ɗaya iri ɗaya, gangaren bai damu ba.

Mataki na 7: Gwada mai nauyi da mara nauyi

Cire notin ka sa kwaɗon ƙofa babba, daidaita tsawon zuwa tsakiyarsa ya koma yadda yake, ka sake ƙirgawa. Lokacin ba zai canza ba. Mutane ba sa yarda da wannan sai sun gani, dattijo zai ce maka yaro ai mai nauyi shi ke riga faɗuwa, kuma abin da idonsa ya saba gani ne, ganye da dutse. To ɗauki kaye da ƴar takarda da ba ta kai faɗinsa ba, saki kowanne daban, kaye ya riga. Yanzu ɗora takardar a saman kayen ka sake su tare, za su sauka tare takardar tana manne a bayansa, don kayen ya tare mata iska. Iska ce ke riƙe ta ba rashin nauyi ba. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata inda babu iska, tare suka taɓa ƙasa, bidiyon yana nan a YouTube ga mai megas.

Mataki na 8: Faɗuwar kanta, da kamarar waya

Ga wanda ya nace sai ya ga abu yana faɗuwa. Auna mita 2 a bango ka yi alama da alli. Jingina wayar a kan kujera nesa kaɗan yadda sama da ƙasa duk suna ciki, kar a riƙe ta a hannu. A yi da rana inda haske yake sosai, in ba haka ba dutsen zai zama inuwa-inuwa a hoton. Ƙasan dutsen ya zama daidai alamar, a buɗe yatsu.

Bidiyon waya na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, faɗuwar mita 2 hoto 19 ce kawai. Ka buɗe shi a manhajar gyaran bidiyo ka bi hoto-hoto daga inda yatsu suka buɗe zuwa inda ya taɓa ƙasa, raba adadin da 30 ka samu t, sai g = 2 × h ÷ (t × t), h shi ne tsayin da dutsen ya faɗo da mita, wato 2 a nan. Amma dubi yadda abin yake da tsauri, 19 zai ba ka 9.97, in ka ƙirga 18 ya zama 11.1, in 20 ya zama 9.0. Hoto ɗaya tak. In wayarka tana da ɗaukar nan mai tafiya a hankali ta hoto 120 ko 240 a sakan yi da ita, za ka ƙirga wajen 77 ko 153, kuskuren hoto ɗaya ba zai yi ɓarna ba, sai dai ka tabbatar da adadin a saitin kamara kafin ka raba. Kuma a wayar da ta ɗauka za a ƙirga, kar a tura ta WhatsApp tukuna, yana matse bidiyo.

Akwai kuma manhaja kyauta phyphox ta wata jami'a a Aachen ta ƙasar Jamus, tana da agogon da ƙara ke tayar da shi ƙara ke tsayar da shi. Tana aiki amma tana son wuri shiru, gidan da akwai awaki da yara sai haƙuri.

Mataki na 9: Rijiya

Kafin komai nemi izinin mai rijiya, ta gari kuwa a gaya wa mai gari ko masu kula da ita. Ruwan sha ne na mutane, tsakuwa biyu ko uku da aka wanke sun isa, ba a tara ƴan aji arba'in kowa ya jefa tasa ba. A tabbata babu mai yasa a ciki, babu guga a rataye. Dutsen da ya yi sakan 3 yana faɗuwa gudunsa ya kai wajen kilomita 100 a awa, ba abin wasa ba ne. Yara ƙanana su tsaya baya, mai saki ya durƙusa ya miƙa hannu kawai ba ya leƙa da rabin jikinsa ba, musamman rijiyar da ba ta da bakin siminti kuma ƙasar ta jiƙe. Wayar ma a ɗaura mata zare a wuyan hannu.

Zaɓi tsakuwa mai nauyi mai dunƙulen jiki kamar girman goro, ba falale ba, ba ɓurɓushin bulo ba. Riƙe ta daidai bakin rijiyar a tsakiya don kar ta bugi gefe, in ka ji ta ƙwanƙwasa bango a hanya wannan awon ya lalace. Abokinka yana ɗaukar bidiyo yadda hannun yake ciki kuma makirfon yana jin ƙasa. Daga baya sai a duba daga buɗe yatsu zuwa ƙarar tsulum.

Lissafin farko: zurfi = 4.89 × t × t, 4.89 ɗin rabin g ɗinmu ne na 9.78. Sakan 1 kusan mita 5, sakan 2 kusan 19.6, sakan 3 mita 44.

Amma akwai gyara, don ƙarar ma sai ta hawo kafin ka ji, tana tafiyar wajen mita 345 a sakan. A ce bidiyo ya nuna sakan 3.0. Lissafin farko 44. Raba 44 da 345 ya ba da 0.13, lokacin hawowar ƙara kenan. Cire shi, saura 2.87. Sake lissafi, 4.89 × 2.87 × 2.87 ya ba da wajen 40.3. To rijiyar mita 40 da ɗan kai ce ba 44 ba, wanda bai yi gyaran ba ya ƙara mata kusan mita huɗu. In sakan 2.0 ne gyaran zai sauko da kai daga 19.6 zuwa 18.5.

Rijiyoyin lambu na cikin gulbi wajen Jiratawa da ruwa yake kusa ba sa buƙatar wannan wahalar ma, sakan ɗaya ko ƙasa da haka ne, gyaran ƙara ba ya canza komai kuma sanda ko igiya ta fi sauri. Inda abin yake da amfani rijiyoyin tudu ne da na arewa wajen Dakoro masu zurfin nan da sai da dabba ake jan wasaki. Can ɗin kuma nan ne kirono na hannu ya fi cutarwa, don a ƙarshen faɗuwar sakan 3 dutsen yana cin wajen mita 28 a sakan, lattin yatsa na 0.2 ya zama kusan mita 6. A masu zurfi sosai iska ma tana ɗan rage wa ƙaramar tsakuwa gudu, lissafi zai ɗan fi gaskiya yawa, shi ya sa na ce mai nauyi.

Abin da ka auna daga baki ne zuwa SAMAN ruwa, ba zuwa gindin rijiya ba. Kuma saman ruwan yana sauka in an wuni ana ja, yana canzawa tsakanin damina da bazara, don haka rubuta rana da lokaci kusa da awon.

Mataki na 10: Tabbatar da igiya

Sa a zura guga har ya taɓa ruwa, a ɗaura ƙyalle a igiyar daidai baki, a jawo a shimfiɗa a ƙasa a auna da mita. Masu jan ruwa za su faɗa maka da gaba, su ce gaba ashirin da biyu ko makamancin haka, to ka auna gabar mutumin da ya faɗa da mita tukuna don ta kowa daban take, ta babban mutum takan kama mita 1.7 zuwa 1.8. Igiyar roba da ta jiƙe da nauyin guga a jiki tana miƙewa, in an kwantar da ita ta koma, don haka a ja ta sosai lokacin awo. In igiya da tsakuwa sun saba da mita ɗaya ko biyu a rijiyar mita 40 aikin ya yi. In sun saba da biyar ko fiye koma kan bidiyon ka sake neman hoton da yatsu suka buɗe, yawanci can matsalar take, mutum yakan fara ƙirga tun hannu yana motsi dutsen bai bar yatsu ba.